Mai sayen ƙarfen makaranta ma a tuhume shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku in yi magana kan ɓarnar da yara matasa ke yi wa kayan gwamnati a birnin Katsina, da wanda ya kamata a fara tambaya a kai.

Sana'ata walda ce, kuma yawancin aikin da ake kawo mini yanzu gyaran abin da aka ɓalle ne: tagogin azuzuwa, ƙofofin banɗaki, hannun famfon tuƙa-tuƙa, murfin kwalbati. Bayan hutun da ya wuce, hedimastan wata firamare ya kira ni. Na tarar da aji guda babu taga ko ɗaya. An bi da guduma an farfasa simintin da ke riƙe da firam, an kwance ƙafafun bencina an watsar da katakon. Ga sanyin hunturu, ga 'yan aji ɗaya zaune a ƙasa, ƙura na shigowa ta ko'ina. Wallahi ranar da ƙyar na iya auna tagogin saboda ɓacin rai.

Da an tayar da zancen sai a ce tarbiyya ta lalace, iyaye sun saki 'ya'yansu. Ban musa ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ɗan shekara 14 da ya ɓalle taga ba gida zai kai ta ba, wurin mai sayen gwangwan zai nufa, a ɗora a sikeli a ba shi abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Ni da nake yanka ƙarfe kullum ina faɗa ba tare da shakka ba: babu wanda zai ga firam da fentin makaranta a jikinsa, ko batirin fitilar sola ta kan titi a hannun yaro da magariba, ya ce bai san inda ya fito ba. Ya sani sarai. Arahar ce ta rufe masa baki. Kuɗin kuma mun san inda suke tafiya. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma sholisho da ƙwaya ba su bar lungunanmu ba, kuma daga nan ne yaro ke zarcewa cikin kauraye, wato 'yan daba.

Ba duk 'yan gwangwan nake nufi ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, ina sayen ƙarfe a hannunsu. Su ne ma ya kamata su fara tashi. Shugabanninsu su ajiye littafi, a rubuta sunan mai kawo kaya da unguwarsu, kuma a daina saye daga hannun ƙananan yara kwata-kwata. Jami'an Sibil Difens, waɗanda doka ta ɗora wa tsaron kayan gwamnati, su riƙa leƙa waɗannan wurare, kada su tsaya ga kama yaro kawai.

Sai masu unguwanni. Daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Guga, babu lungun da mai unguwa bai san yaran da ke kwana a kango ba. Abin da ke kashe mu shi ne "a rufa asiri". A kama yaro da safe, kafin la'asar kawunsa ya zo da dattawa ana ba da haƙuri, makaranta kuwa ta ci gaba da zama babu taga. A yafe masa in an ga dama, amma a sa uban ya biya gyara, yaron kuma ya tsaya a wurin yana miƙa siminti har a gama, 'yan ajin suna kallonsa.

Ina kuma roƙon Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da shugabannin ƙananan hukumomi, duk makarantar da za a gyara a haɗa da katanga da maigadin da ake biya a kan kari.

A nawa ɓangaren, duk mai unguwar da ke da irin wannan yaro, in iyayensa sun yarda, ya kawo mini shi shago in koya masa walda. Ba zan karɓi ko sisi ba.

Naku,
Wani mai walda, Ƙofar Marusa, Katsina