A Bari Inji Ya Zauna Kafin A Sauya Salansa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka kan tambayar da masu sayen sabuwar motar tsere ke yawan yi: a ɗaura salansa mai ruri tun ranar farko, ko a dakata? Mu dai shawararmu a dakata, amma ba don dalilin da aka saba faɗa ba, wato wai sauya salansa yana hana sabon inji zama.

Sabon inji yana bukatar ringin fistin su zauna daram a jikin silinda. Masana'anta kan bar siraran zane a bangon silindar don su riƙe mai, ringin kuma su yi ta gogarsu har su dace da juna. Ƙarfin wutar da ke tashi a saman fistin shi ke danna ringin a bango, shi ya sa ake so nauyin da ke kan inji ya riƙa canzawa. Kada a kafe gudu ɗaya na tsawon awanni, kada a taka totur har ƙasa, kada kuma a bar mota a babbar giya tana nishi a hawa. Mai ya yi zafi tukuna kafin a matsa mata. Idan ringin ba su zauna ba, injin na iya kama shan mai, kuma gyaransa sai an buɗe shi.

Kowane kamfani da ƙa'idarsa. BMW ta ba wasu motocinta na M kilomita 2,000, juyin inji kada ya wuce 5,500 a minti, gudu kada ya haura kilomita 170 a awa, sannan a kai sabis a juye mai. Porsche 911 kilomita 3,000 ne, ƙasa da juyi 4,000. Toyota GR86 kilomita 1,600. Corvette C8 ma ba ta yarda da direba ba: kwamfutarta ke rage ƙarfi a giya ta ɗaya da ta biyu har sai an ci kilomita 800.

To ina ruwan salansa? Wadda ake sauyawa daga bayan katalis (na'urar tace hayaƙi) zuwa wutsiya ba ta hana ringi zama, wannan mu faɗi gaskiya. Matsalar kunne ce. A makonnin farko ne kuskuren masana'anta ke bayyana, ɗan ƙwanƙwasa daga inji ko kukan giyar aksil na baya, kuma rurin sabuwar salansa yana binne su. Ga garanti: da zarar wata matsala ta taso, dila zai fara nuna abin da ka canza. Sannan wa zai ɗaura salansa mai daɗin murya ya haƙura da juyi 4,000?

Bututun da ke kusa da inji kuwa wani zance ne daban. Idan aka taɓa katalis, na'urar auna oksijin ta baya za ta gane, fitilar inji ta kama, yawanci da lambar kuskure P0420. A mota mai turbo matsin iska ma yana canzawa, sai an sake saita kwamfuta. Wannan bai dace da injin da bai gama zama ba.

In lokaci ya yi, a duba ko salansar asali tana da bawul na lantarki, domin barin soket ɗinsa a rataye yana jawo lambar kuskure. Bututu mai faɗi fiye da kima yakan kawo gunji mai cika kai a wajen juyi 2,000, daidai inda ake tafiyar hanya. A sa sabon gasket, a rataya komai sako-sako, a daidaita bakin wutsiya yadda ba zai taɓa bamba ba, sannan a ɗaure daga gaba zuwa baya. A goge sawun yatsu kafin a tayar, musamman a taitaniyam, don zafi yana gasa su a jikin ƙarfen. Bayan ta yi zafi ta huce sau uku ko huɗu, a sake bin notocin da sifana. Tsohuwar salansar kuma a adana ta da kusoshinta.

Naka,
Wasu makanikai masu aikin inji da salansa