Ba jikinmu ne ke sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce ke canjawa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in taɓo wata magana da ta daɗe tana damuna, wato yadda za ka ji mutum ya ce "ai jikina ya saba da maganin nan, ya daina yi min aiki". In dai antibayotik ake nufi ko maganin maleriya, to ba jiki ne ya saba ba, ƙwayar cutar ce ta canja, kuma wannan canjin shi ne abin da masana ke kira juyin halitta, wanda da yawanmu da mun ji sunansa sai mu toshe kunne don mun ɗauka zancen cewa mutum daga biri ya fito ne kawai.

Abin daga kwafi yake farawa. Duk mai rai yana ɗauke da DNA, wato sinadarin da ke cikin ƙwayoyin halittarsa mai ɗauke da rubutun abin da ya gada, a mutum haruffanta sun kai wajen biliyan 3, kuma duk sanda ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai an kwafe su kaf, to wurin kwafin nan akan samu harafi ya sauya nan da can. Kowane jariri ma yana zuwa da sabbin sauye-sauye wajen 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwa ko uba. Yawancinsu ba sa ƙara komai ba sa rage komai, wasu su cutar, ƙalilan ne ke zama alheri ga mai su.

To yanzu ka ɗauki bakteriya, wadda wata irinta in ta samu wuri mai daɗi duk minti 20 take rabuwa biyu, ka ga cikin miliyoyin da ke jikin mara lafiya ba za a rasa 'yan tsiraru da sauyin da suka zo da shi ya sa magani ba ya kama su sosai ba. Maganin kamar rariya yake, masu rauni su zube, masu taurin su saura a sama, su hayayyafa, su bar wa 'ya'yansu taurin, har a wayi gari su ne suka cika wurin kuma su ne za ka shafa wa na kusa da kai. Nan ne nake so a gane sosai, maganin bai koya wa ƙwayar komai ba, bambancin yana nan tun kafin a sha. Wasu masana kimiyya biyu, Salvador Luria da Max Delbrück, sun nuna haka a Amurka a 1943, da suka gwada bakteriya da bairos ɗin da ke kashe ta, suka ga sauyin kariyar yana riga haɗuwarsu faruwa. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, tun a 1945 ya ja kunne cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai bar ƙwayoyin da ba sa jin sa.

Klorokwin ma haka ta faru da shi. Ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin maleriya mai bijire masa a kudu maso gabashin Asiya da Kolombiya, zuwa 1978 ta iso gabashin Afirka, daga nan magani mai araha da ya ceci rayuka ba adadi ya koma ba ya tsinana komai a wurare da dama.

Wani abin da ke taɓa min zuciya kuma shi ne sikila, don ita a jininmu mu mutane take. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin jan jini. Mai AS da ya gaji guda ɗaya yana samun kariya daga maleriya mai tsanani, Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954, shi ya sa sauyin ya yaɗu a inda sauro ke kashe yara, amma wanda ya gaji biyu, wato SS, shi ke shan azabar, kuma in AS ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Sauyi ɗaya ne fa, amma alherinsa ko sharrinsa ya danganta da inda mutum yake da kuma abin da ya gada.

Roƙona Malam Edita, a riƙa kawo likitoci da malaman kimiyya suna bayanin nan a jaridarku da Hausa mai sauƙi, ko mutane sa daina afa antibayotik don mura, alhali mura bairos ce, maganin ba ya taɓa ta sai dai ya tace bakteriyar jikinka ya bar masu taurin kai. An ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma atemisinin da ya maye gurbin klorokwin shi ma an fara ganin maleriya mai jinkirin jin sa a Ruwanda da Yuganda.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku