Wasiƙa zuwa ga Yaya Aminu kan tikitin Inna

Bremen, Jamus

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, kai da Anti Rabi da yara da duk mutanen gida na Mabera. Yaya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ya fara kankama, rana kuma tun kafin biyar ta faɗi. Maigidan yana gaishe ka ƙwarai.

Na ji saƙonka cewa bizar Inna ta fito. Allah ya saka maka da alheri kan zirga-zirgar da ka sha. Ka ce ejan ya kawo maka farashi kala uku, kuma ranka ya fi kwanciya da mai arha, wanda za a yanka gida biyu. Don Allah Yaya kada ka biya tukuna. Na zaɓi in rubuto maimakon waya saboda maganar tana da lambobi, kuma ina so ka samu abin da za ka nuna wa ejan ɗin.

Ka san halin Inna. In aka ce mata jirgi ya wuce, za ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta nemi kujera ta zauna da carbinta, ko ruwa ba za ta tambaya ba. Ga ciwon gwiwa, ga ba Turanci. Wata maƙwabciyata 'yar Zariya haka ta faru da mahaifiyarta bara: jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi ya bar ta, tsohuwa ta kwana kan benci a filin jirgi har gari ya waye, alhali kamfanin ne ya kamata ya kai ta otal ya ciyar da ita. Ba wanda ya gaya mata, ita kuma ba ta san ana tambaya ba. Tun da na ji labarin nan hankalina bai kwanta ba.

Nan Turai akwai doka a kan wannan, mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005. In fasinja ya isa inda za shi a makare da awa 3 ko fiye, kamfani zai biya shi diyya gwargwadon nisan tafiya: Yuro 250 in ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 har zuwa kilomita 3,500, Yuro 600 in ta haura haka. Daga Abuja zuwa Frankfurt kaɗai ya fi kilomita 4,000, ka ga Inna tana rukunin ƙarshe. In makarar tana tsakanin awa 3 da 4 ne a irin wannan doguwar tafiya, kamfani yana iya rage rabi ya ba da Yuro 300. Dokar ba ta duba launin fasfo, ba ta kuma duba nawa aka sayi tikiti. Tsohuwa daga Sakkwato da Bajamushen da ke kujerar kusa da ita hakkinsu ɗaya.

To amma ba kowane jirgi ta hau kansa ba, kuma nan ne zaɓin tikiti yake da nauyi. Duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar Turai yana ƙarƙashinta, ko na wace ƙasa ne. Wanda kuwa ya taso daga waje, kamar daga Abuja, sai in kamfanin na Turai ne, irin su Lufthansa ko Air France, ko KLM daga Legas. In Inna ta biyo ta Istanbul ko Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha a jirgin waɗannan ƙasashe, wannan dokar ba ta tare da ita a zuwa. Ban ce jiragensu ba su da kyau ba, mutane da yawa su suke bi lafiya lau, kuma wasu ƙasashen suna da nasu ƙa'idojin. Akwai ma yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan tafiyar jirgin sama tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya take ciki, sai dai ita asarar da ka yi a zahiri take biya, sai ka kawo rasidi ka tabbatar. A dawowa kuwa, tun da daga Jamus za ta tashi, dokar Turai tana biye da ita ko a wane jirgi, har in za ta sauya a wata ƙasa, muddin tikitin guda ne.

Wannan kalma ta tikiti guda ita ce ta sa na ce ka dakata. Abin da ejan yake so ya yi shi ne ya sayi Abuja zuwa Turai daban, sannan ya nemo wani ƙaramin jirgi mai arha zuwa nan daban. A ido kuɗi sun ragu. Amma in na farko ya makara, na biyun ba ruwansa, a wurinsa Inna fasinja ce da ba ta zo kan lokaci ba, sai mu sayi sabon tikiti a ranar da tsadarsa. Kayanta ma ita za ta karɓa ta sake aunawa a tsakiyar hanya, da wannan gwiwar. In kuwa lamba ɗaya ce ta haɗa tafiyar tun daga Abuja har Bremen, kamfanin ne zai nema mata wani jirgi kyauta, kuma lissafin makara daga lokacin da ta iso nan ake yin sa. Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta yanke wannan a Fabrairun 2013, a ƙarar wata mata da ta tashi daga filin jirgin garin nan namu za ta Asuncion a ƙasar Paraguay. Jirginta na farko kimanin awa 2 da rabi ya makara, amma hakan ya sa ta rasa na gaba, ta isa bayan awa 11. Kamfanin ya ce ai tashin farko bai kai makarar da doka ta ambata ba. Kotu ta ce isowa ake dubawa, a biya ta.

Saboda haka abin da nake so shi ne Abuja, Frankfurt, Bremen a takarda ɗaya. Bambancin kuɗin mu za mu cika, maigidan ya riga ya amince, kada ka ji nauyi. Ka kuma ce wa ejan ya bar tazara mai yawa a Frankfurt, ko da awa 3 ne, domin a nan za a duba fasfonta da biza, kuma in layin jami'an shige da fice ne ya riƙe ta jirgi ya tashi, wannan ba laifin kamfani ba ne, ba diyya.

Sai ɓangarenku na gida, wanda ya fi damuna. Tikitin Sakkwato zuwa Abuja daban yake, ba dokar Turai da za ta haɗa shi da na Frankfurt. Tafiyar kuma a Janairu ce, tsakiyar hazo. Kai da kanka ka sha zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III ka wuni kana jira, a ƙarshe a ce jirgi bai iya sauka ba. In haka ta faru a ranar tafiya, tikitin Turai ya tafi a banza, kuma ban so a ce za a sa Inna a mota a bi hanya cikin gaggawa da yamma. Ku bar Sakkwato da kwana 2 a hannu, ta sauka wurin Gwaggo a Kubwa ta huta. Hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya tana da ƙa'idojin kare fasinja, da jami'anta a filayen jirgi da ake kai wa ƙara, in an ɓata muku lokaci ka neme su, amma ba su ne za su dawo mata da jirgin Frankfurt ba.

Kada in sa ka zaci kowace makara ana biya. In dalilin ya fi ƙarfin kamfani ne, kamar mummunan yanayi, ko matsalar tsaro, ko yajin aikin masu ba jirage hanya a sama, ba diyya. Lalacewar inji dai yawanci ba ta shiga wannan uzuri, kotu ta faɗi haka tun 2008, don kula da jirgi aikin mai jirgi ne. Abin da ba ya faɗuwa ko da me ya jawo makarar shi ne kulawa: abinci da abin sha in jiran ya kai awa 4 a doguwar tafiya, damar kiran waya sau 2, in kuma kwana ya kama, otal da motar kai ta da dawo da ita. Ko lokacin da tokar dutsen Iceland ta rufe sararin Turai a 2010 kotu ba ta ɗauke wa kamfanoni wannan nauyi ba. Ni wannan ya fi min Yuro 600 ɗin muhimmanci nesa ba kusa ba. Kuɗi ana iya bin su daga baya, amma daren da tsohuwa ta yi a kan ƙarfe cikin sanyi ba mai rama mata shi.

Na san abin da Baffa zai ce in ya ji, cewa jinkiri ƙaddara ne, mene ne na karɓar kuɗi a kai. Ka gaya masa cikin ladabi mun yarda da ƙaddara, ba jayayya muke da ita ba. Ciniki ne aka ƙulla, aka karɓi kuɗinmu a kan za a kai ta wuri kaza a lokaci kaza, kuma su kamfanonin sun san da wannan sharaɗi tun kafin su sayar da tikiti. Wanda ya ba tela ɗinkin Salla ya kawo bayan an sauko daga idi, ba wanda zai ce ya yi rashin tawakkali don ya nemi hakkinsa.

Ga abin da za ka zaunar da Inna ka koya mata, da Hausa, sannu a hankali. Kada ta yar da katin shiga jirgi ko ɗaya, da 'yar takardar kaya da ake liƙawa a bayansa. In ta sayi ko ruwa ne lokacin jira ta riƙe rasidi. In aka miƙo mata takarda aka ce ta sa hannu, ta kira ni tukuna, domin wani lokaci takardar ragin kuɗin wata tafiya suke bayarwa a madadin kuɗi, kuma doka ta ce sai da yardar fasinja a rubuce. Da zarar an buɗe ƙofar jirgi a Bremen ta turo min saƙon murya a WhatsApp, don lokacin buɗe ƙofa shi ake ɗauka lokacin isowa, ba lokacin da taya ta taɓa ƙasa ba. Neman diyyar ni zan yi daga nan, a Jamus ana da shekara 3, kuma ba sai mun bi ta kamfanonin da ke karɓo wa mutane suna cire kaso mai tsoka ba. Zan turo maka takarda da Jamusanci da Turanci mai ɗauke da sunanta da lambata, ka buga ka sa mata cikin jakar hannu tare da magungunanta. Kada magani ya shiga babban akwati.

Ka sa ejan ya rubuta cewa tana buƙatar keken turawa, aƙalla awa 48 kafin tafiya. Kyauta ne, kuma mai tura ta shi zai bi da ita ta wurin duba fasfo har bakin jirgi na biyu. Za ta ce ita ƙafarta lau, kada ka saurare ta, filin jirgin Frankfurt gari ne guda.

Batun tsaraba: kuka da kuɓewa busasshiya da yajin jego ina so, amma ban da kilishi, ban da man shanu. Ba a shigowa da nama ko kayan madara Turai a cikin kaya, ƙwacewa za su yi, har tara suna iya ci. Ka gaya wa Anti Rabi tun yanzu kafin ta yi oda.

Likita ya ce lokacin yana wajen tsakiyar Fabrairu, ku sa ni a addu'a Allah ya raba lafiya. Ka turo min hoton abin da ejan ya rubuta kafin ka tura masa kuɗi, in duba lambar da idona. A gaishe min da Inna da kyau, da Baffa, da Gwaggo, da su Nana da Abba, ka ce musu saƙonsu yana nan zai biyo Inna in za ta dawo.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Hadiza