Ledar nan mai ƙyalli ba ta da mai saye a wurin 'yan jari-bola

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan ledar nan mai ƙyalli da ake ƙunsa madarar gari da biskit a ciki, wadda mutane da yawa suke ɗauka cewa alminiyon ce zalla, alhali kuwa roba ce da aka yi wa feshin ƙarfe a fuska ɗaya.

A masana'anta ana saka naɗin ledar cikin wata babbar tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, sannan a riƙa tura wayar alminiyon kan wasu ƙananan kwanonin yumɓu masu zafin kusan digiri 1,500 har ya narke ya zama tururi. Ledar tana wucewa da gudu a kan ganga mai tsananin sanyi don kada ta narke, tururin kuma ya manne mata. Kaurin gashin kai ya ninka na wannan shafen sau dubu, shi ya sa idan aka ɗaga ledar a rana ana iya hango haske ta cikinta. Duk da haka, shi ne yake tare danshi da iska da haske, har madara ta yi watanni a shago ba ta lalace ba.

Fasahar ba ƙarama ba ce. Da irin wannan leda, wadda kamfanin DuPont ya kira Mylar, Amurka ta yi tauraron ɗan'adam mai suna Echo 1 a 1960, balan-balan mai faɗin mita 30 da ke mayar da saƙon rediyo ƙasa.

Abin da ya dame ni shi ne ƙarshenta a garuruwanmu. Ƙarfen ya yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma an liƙa ledar da wata robar daban ta yadda raba su yake da wuya, saboda haka ɗan jari-bola yakan tsinci gwangwani da gorar ruwa ya tsallake ta. Daga nan sai kwata, inda take toshe ruwa da damina, ko cikin tumbin akuya.

Hukumar NESREA, mai kula da dokokin kare muhalli a Najeriya, tana da tsarin ɗora wa masu masana'antu alhakin sharar kayansu. Ina kira da a tilasta wa kamfanonin da ke amfani da wannan leda su sa mata farashi, ko da kaɗan ne a kan kowane kilo, su buɗe wuraren karɓa a manyan kasuwanni irin su Singa da Sabon Gari.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano