Cinikin watannin farko ba ya nuna darajar wasa: batun Okami

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon shafinku na fasaha ya daina auna wasannin bidiyo da cinikin watannin farko kaɗai. Okami na kamfanin Capcom, wasan da ake yawo da kyarkeci ana zane da burushi, ya isa hujja.

Ya fito a Japan a Afrilun 2006 kan PlayStation 2, ya isa Amurka a Satumba, Turai kuwa sai Fabrairun 2007. Masu sharhi sun yaba shi ƙwarai: maki 93 cikin 100 a Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, IGN kuma, shafin labaran wasanni, ta zaɓe shi wasan shekara. Amma kasuwa ba ta karɓe shi ba, har a Oktoban 2006 Capcom ta sanar da rufe Clover Studio, sashen da ya ƙera shi.

Lokacin fitarsa ne ya fara cutar da shi. A Nuwamban shekarar PlayStation 3 da Wii suka shigo, jama'a na tara kuɗin sabuwar na'ura. Wii ta zo da Zelda: Twilight Princess, wanda shi ma da kyarkeci ake yawo a cikinsa, ga suna da aka daɗe da sani.

Sannan abin da ya fi daɗi a Okami ba ya fitowa a hoton kwali. Ka danne maɓallin R1 na abin sarrafa wasa, duniyar wasan ta tsaya ta koma takarda, ka ja burushi da sandar hagu kana riƙe da maɓallin murabba'i. Da'ira a sama tana fito da rana, miƙaƙƙen layi yana sare bishiya ko maƙiyi, dabarun burushin 13 ne. Sai ka taɓa da hannunka kake ganewa, ga doguwar gabatarwa da ba a iya tsallakewa a bugun farko.

Da aka kai shi Wii a 2008, ƴar rawar hannu kan sa na'urar ta kasa gane miƙaƙƙen layi. Bugun Switch na 2018 ya sauƙaƙa wannan, domin da yatsa ake iya zane a kan allo. Okami HD, bugun da aka inganta hotonsa, ya shiga jerin wasannin Capcom da suka haura kwafi miliyan ɗaya, kuma a Disambar 2024 aka sanar da kashi na biyu, Hideki Kamiya, daraktan na farko, ne zai sake jagoranta.

Don haka idan za ku kawo adadin ciniki, ku haɗa da na'urar da watan fitarwa da wasan da aka yi gogayya da shi.

Na gode.
Mai karatu daga Kano