Sanarwa kan ziyarar gidan gyaran hali na Bauchi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu zuwa ziyarar Asabar, a kula da batun bincike a ƙofa. Tun harin watan Satumban 2010 da aka fasa gidan, fursunoni sama da 700 suka tsere, ba wanda zai zargi gandirebobi da tsanantawa.

Damuwar tana ga masu lalura. Duk mai ƙarfe a jiki bayan karaya, ko roba ta fitsari, ko jakar bahaya a ciki, ya karɓo takardar likitansa mai hatimin asibiti, ya haɗa da katin shaidar ɗan ƙasa. Ku faɗi lalurar tun kafin a ɗora muku hannu, kada ku jira na'ura ta yi ƙara sannan a fara dogon bayani.

Baba Alhaji da sauran masu na'urar daidaita bugun zuciya, ku nuna katinta, ku roƙi a laluba ku da hannu. Wucewa da sandar binciken sau ɗaya ba komai, amma likitoci sun hana a tsayar da ita a kan ƙirji.

Iyayenmu mata, ku nemi jami'a mace da wurin da ba idon jama'a. Babu abin kunya a nan, wallahi.

Masu ciwon suga ku karya kumallo, don layin kan yi tsawo. Allurar insulin kuwa, a nuna ta a ƙofa tare da takarda, a bi abin da suka ce. Waya a bar ta a mota.

Mai buƙatar rakiya ya yi min magana ta gefe kafin Juma'a. Allah ya ƙara lafiya.