A Riƙa Ba Mu Tarihin Ƙananan Ƙungiyoyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shafinku na wasanni kullum Firimiya ne, alhali ƙananan ƙungiyoyi ma suna da tarihi. Ga Marine, ta garin Crosby kusa da Liverpool a Ingila, wadda aka kafa a 1894. 'Yan wasanta ma'aikata ne, sai sun tashi daga aiki suke atisaye. Roly Howard ya horar da ita daga 1972 har 2005, shekara 33, abin da ya fi burge ni ke nan. A Janairun 2021 Tottenham ta ci ta 5-0 a gasar kofin FA. Korona ta hana 'yan kallo shiga, amma mutane suka sayi tikiti sama da 30,000 ta intanet don su tallafa mata. Don Allah ku riƙa kawo mana irin wannan.

Naka,
Mai karatu daga Zariya